Tambayoyi da Amsoshi Kan Dasa Bishiyar Mazari ta Turai a Lambun Gida

Bahaushen da zama ya kai shi Ingila, Jamus ko Faransa, idan ya fita bayan gari a watan Oktoba, zai iya yin kiciɓis da wani ɗan itace a cikin shingen gona wanda ganyensa ya yi ja wur, ga kuma 'ya'ya masu ruwan hoda suna reto a jikin rassansa, kowanne ya tsage ya fito da ƙwaya mai ruwan lemo. Da yawa daga cikin waɗanda suka gan shi sukan yi sha'awar samun irinsa a bayan gidansu. Sha'awar tana kan hanya, domin itace ne mai kyau da sauƙin reno, amma akwai abubuwan da ya wajaba a sani kafin a haƙa masa rami.

Wace bishiya ce wannan, kuma me ya haɗa ta da mazari?

Masana tsirrai suna kiranta Euonymus europaeus, sunan da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tabbatar mata a shekarar 1753. Asalinta nahiyar Turai ce, tun daga Ailan da Birtaniya har zuwa tsaunukan Kokeshiya da ƙasar Turkiyya, kuma ta fi yawa a gefen daji da cikin shingayen gonaki. Ba ta da suna a Hausa domin ba ta tsirowa a ƙasarmu, shi ya sa aka bi ma'anar sunanta na Turanci, wato spindle, wanda yake nufin mazari. Itacenta fari ne mai ƙarfi da santsi, ba ya tsagewa idan aka fiƙe shi, saboda haka matan Turai na dā da shi suke yin mazarin kaɗin ulu, kamar yadda kakanninmu mata suke zama da mazari da gululu da ɗan alli a gefe suna kaɗa auduga ta zama zare. Da shi kuma ake yin allurar saƙa da ƙananan turaku. Faransawa suna ce mata fusain, kuma wannan kalma ita ce sunan gawayin da masu zane suke amfani da shi a harshensu, domin gawayin wannan itace yana da laushi a kan takarda. Jamusawa kuwa siffar 'ya'yanta suka duba, suka raɗa mata Pfaffenhütchen, ma'ana ƙaramar hular limamin coci, saboda kwanson yana da kusurwa huɗu irin na hular da limaman Katolika suke sawa.

Yaya ake gane ta, kuma wane girma take yi?

Yawanci tsayinta mita 3 zuwa 6 ne, kuma ta fi son fitowa da rassa da yawa daga gindi fiye da miƙewa da kara guda. Ƙananan rassanta koraye ne, kuma idan mutum ya murza ɗaya tsakanin yatsunsa zai ji yana da gefe huɗu, ba mulmulalle ba ne. Ganyen yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, tsawonsa santimita 3 zuwa 8, da ƙananan haƙora a gefensa. Furenta na watan Mayu da Yuni ƙarami ne, tsanwa-tsanwa, wanda sai an matso kusa ake lura da shi. Daga bazara har ƙarshen Agusta ba ta da wani abin kallo da ya wuce sauran itatuwan shinge, sai Satumba ta kama sannan ta nuna abin da ya sa ake dasa ta.

Gaskiya ne tana da guba?

Gaskiya ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Dukkan sassanta suna da guba, ganye da ɓawo da saiwa, amma ta fi taruwa a cikin 'ya'yan, musamman ƙwayar. Daga cikin sinadaran da ke ciki akwai masu taɓa bugun zuciya. Wanda ya ci yakan yi fama da ciwon ciki da amai da gudawa, idan kuma ya ci da yawa abin yana iya kaiwa ga hanta da ƙoda, har da suma. Wani abin da ke ruɗar iyaye shi ne alamun ba sa bayyana nan take, sukan ɗauki sa'o'i da dama, ta yadda yaro zai ci da yamma ya kwana lafiya ƙalau a ganin mutanen gida, sai da asuba ciwon ya tashi ba a san daga inda ya fito ba.

Ina jaddada wannan ne saboda yadda muka taso. Mu mutane ne da muka saba da cewa abin da itace ya haifa a daji na ci ne: magarya, kanya, tsada, ɗinya, aduwa. Hannunmu yana miƙewa ga ɗan itace mai kyau ba tare da dogon tunani ba, yaranmu kuma suna koyi da mu. A Turai wannan sabo yana iya jawo matsala, domin da yawa daga cikin jajayen 'ya'yan itatuwan da ke shinge ba na ci ba ne. Kada kuma a yi hujja da tsuntsaye. Za a ga ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da Turawan Ingila suke kira robin yana tsattsagar 'ya'yan, har Jamusawa suna yi wa itacen laƙabi da burodin wannan tsuntsu, amma cikinsa tsokar da ke lulluɓe da ƙwayar kawai yake narkarwa, ƙwayar kuwa tana fita yadda ta shiga, ta tsiro a wani wuri. Dawaki da tumaki da awaki ba su da wannan kariya, haka ma karnuka da kyanwoyi.

Idan aka tabbatar ko aka yi zargin yaro ya haɗiyi ƙwayar, a cire ragowar daga bakinsa, a ba shi ruwa, kada a tilasta masa amai, kada kuma a tsaya jiran alama. A nemi shawarar likita nan take, a Birtaniya ta lambar 111, ko 999 idan abin ya yi tsanani, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma ta 112. A tafi asibiti da reshe guda mai ganye da 'ya'ya domin ma'aikata su san abin da aka ci.

To mai ƙananan yara a gida ya haƙura da ita ke nan?

A ganina, gidan da ke da yaro mai rarrafe ko wanda bai kai shekara biyar ba, kuma lambun ƙarami ne wanda nan ne wurin wasansa, ya dakata tukuna. Ɗacin 'ya'yan yakan sa yaro ya tofar, amma ba a jingina lafiyar yaro a kan ɗaci. Idan yaran sun yi wayo, ana iya dasa ta a can ƙarshen lambu, a kai su gabanta a nuna musu, a gaya musu sunanta da dalilin da ya sa ba a ci. Yaron da aka nuna wa ita a gida zai gane ta idan ya gan ta a hanyar makaranta, kuma wannan ma wata riba ce.

Tun da Turawa sun yi tsinke da ita, za a iya yin asuwaki ko tsinken tsire da reshenta?

A'a. An san cewa mahautan Turai na dā sun yi amfani da busasshen itacenta da aka feƙe wajen soke nama, har da tsinken sakace, amma asuwaki ɗanyen reshe ne da ake taunawa da ɓawonsa ana haɗiyar ruwansa, kuma ɓawon yana da guba. Tsinken gora na kasuwa yana da arha, babu dalilin kasada. Haka nan tsohuwar al'adar ƙauyukan Ingila ta gasa 'ya'yan a daka a barbaɗa a kai don kashe ƙwarƙwata tarihi ce, ba magani ba ne da za a gwada a kan yaro a yau.

Wane wuri da wace irin ƙasa take so?

Ba ta da tsirfa. A daji ta fi yawa a ƙasa mai alli, irin ta tuddan kudancin Ingila, amma tana yi a laka da jigawa matuƙar ruwa ba ya kwanciya a gindinta na tsawon lokaci. Tana jure inuwa kaɗan, sai dai wanda yake son jan ganye da yawan 'ya'ya ya ba ta inda rana take samun ta mafi yawan yini, domin a inuwa ganyen yakan tsaya a rawaya-rawaya ya zube ba tare da ya yi ja sosai ba. Sanyi ba ya damun ta, tana jure abin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, iska ma ba ta karya ta. A bar mata fili na kamar mita 2 zuwa 3 ta kowane gefe idan ita kaɗai za ta tsaya.

Yaushe ake dasa ta, kuma ta yaya?

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ta zubar da ganye tana hutawa, muddin ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta jiƙe sharkaf ba. A wannan lokaci masu sayar da dashe sukan sayar da ƙananan tsirrai da saiwarsu a waje, ba tukunya, kuma sun fi arha nesa ba kusa ba. Irin waɗannan ba sa son saiwarsu ta sha iska, don haka a jiƙa ta a bokitin ruwa na kamar sa'a guda, a dasa a ranar. Wadda aka sayo a tukunya ana iya dasa ta kowane lokaci, amma wanda ya dasa a Yuli ya ɗaura wa kansa aikin ban ruwa.

A haƙa rami mai faɗin da ya ninka na saiwar sau biyu, zurfinsa kuma daidai da inda ƙasa ta tsaya a jikin karan tun farko. Idan aka duba da kyau za a ga alamar, domin launin ɓawon yana canzawa a wurin. Binne kara fiye da haka yana ruɓar da shi. A mayar da ƙasa, a taka a hankali da diddige, a ba ta ruwa sosai, sannan a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace a kewaye ba tare da ya taɓa karan ba. A shekara biyun farko a riƙa ba ta ruwa duk lokacin da aka yi kwanaki ba a yi ruwan sama ba, a kuma cire ciyawar da ke gindinta. Bayan nan tana iya riƙe kanta, kuma ba ta buƙatar takin zamani.

Tawa ta yi shekaru tana ganye amma ba ta 'ya'ya. Mene ne dalili?

Wannan shi ne ƙorafin da aka fi yi, kuma manyan dalilansa huɗu ne. Na farko ƙuruciya: wadda ta tsiro daga iri tana ɗaukar shekaru kafin ta fara fure, don haka dashen da bai wuce gwiwa ba sai an yi masa haƙuri. Na biyu inuwa. Na uku almakashi, domin wanda yake aske ta kamar shingen ado duk bazara yana yanke furen ne da hannunsa.

Na huɗu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Idan aka kalli furen za a ɗauka kowanne yana da sassan namiji da na mace, amma a aikace ba duka suke aiki ba. Charles Darwin ya bibiyi waɗannan itatuwa na shekaru, ya kuma bayyana a 1877 cewa wasunsu mata ne masu yawan haihuwa, wasu suna yin 'ya'ya kaɗan, wasu kuma kusan maza ne da ba sa haifar komai sai dai su ba da garin fure. Mai sayen ƙaramin dashen da aka tsirar daga iri ba shi da hanyar sanin wanne ya ɗauko. Manomin dabino zai fahimci wannan da sauri, domin shi ma ya san namijin dabino ba ya 'ya'ya, macen kuma ba ta yi sai da shi. Maganin abin shi ne a dasa biyu ko uku kusa da juna, ƙudaje da sauran ƙananan ƙwarin da ke zuwa shan ruwan furen su yi jigilar garin daga wannan zuwa waccan. Saboda haka ne ma fesa maganin ƙwari a watan Mayu yake rage 'ya'yan Oktoba.

Ana datse ta?

Kaɗan ƙwarai. A ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu ko farkon Maris, a cire busassun rassa da waɗanda suke gugar juna. Idan ta tsufa ta cunkushe, a sare ɗaya ko biyu daga cikin tsofaffin rassan tun daga gindi, za ta yi sabon toho. Takan kuma fitar da 'yan tsirrai daga saiwa a kewayenta, waɗanda za a iya cirewa ko a raba a dasa a wani wuri. A sa safar hannu, a wanke hannu bayan an gama, kada kuma a zuba rassan inda dabbobi za su kai baki.

Zan iya tsirar da ita daga iri ko daga reshe?

Ana iya yin duka biyun. Irin yana da nauyin barci, ba ya tsirowa sai ya ga ɗumi sannan ya ga dogon sanyi. A tsinko 'ya'yan a Oktoba idan kwanson ya buɗe, a murje tsokar nan mai ruwan lemo da safar hannu, a shuka ƙwayar a tukunya mai ƙasa da yashi, a ajiye a waje inda ɓeraye ba za su tona ba. Wasu za su fito a bazarar farko, da yawa kuma sai ta biyu, don haka kada a zubar da tukunyar don an ga shiru. Mai gaggawa yakan cuɗa irin da yashi mai danshi a leda, ya ajiye a ɗaki mai ɗumi na wata biyu zuwa uku, sannan a firji na wata uku zuwa huɗu. A gidan da ke da yara ban ga dacewar sa iri mai guba kusa da abinci ba, gara a bar wa hunturu aikinsa.

Reshe ya fi sauri, kuma yana da fa'idar da iri ba shi da ita: abin da ya fito zai gaji uwarsa sak. Idan maƙwabci yana da wadda take cika da 'ya'ya kowace shekara, a roƙi ɗan reshen bana wanda ya fara ƙwari, mai tsawon kamar santimita 10, a watan Yuli ko Agusta. A cire ganyen ƙasa, a soka shi a ƙasa mai yashi, a rufe da leda don danshi, a ajiye a inuwa har ya yi saiwa.

Na wayi gari na ga farar yana ta lulluɓe ta, ganyen ya ƙare. Ta mutu ne?

Ba ta mutu ba. Wannan aikin tsutsar wani ƙaramin faɗa-wuta ne da masana suke kira Yponomeuta cagnagella, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda kusan wannan itace kaɗai 'ya'yansa suke ci. A watan Mayu da Yuni tsutsotsin sukan saƙa yana su taru a cikinta ɗari-ɗari, idan aka leƙa za a gan su masu launin madara da baƙaƙen ɗigo a jere, wasu suna saukowa a kan zare siriri. A shekarar da suka yi yawa sukan cinye ganyen tas, itacen ya tsaya fari fat kamar an yafa masa mayafi. Ganin yana tayar da hankali, amma zuwa ƙarshen Yuni sun daina ci, kuma cikin 'yan makonni sabon ganye zai fito. Asarar da aka fi yi ita ce ta 'ya'yan wannan shekarar. Tsutsar ba ta cutar da mutum. Wanda ya lura da wuri, tun yanar ba ta wuce tafin hannu ba, sai ya yanke wannan reshen ya yar, ko ya wanke ta da ruwa mai ƙarfi. Feshi ba ya ratsa yanar sosai, kuma yana hana tsuntsaye abincin da suke ciyar da 'ya'yansu da shi a daidai wannan lokaci.

An ce tana jawo darɓa ga wake. Haka ne?

Akwai gaskiya a ciki. Baƙin ƙwaron darɓa mai suna Aphis fabae yana zuba ƙwansa a rassanta a lokacin kaka, ƙwan ya kwana hunturu a nan, ya ƙyanƙyashe da bazara ya tsotsi sabon toho har ganyen ya nannaɗe. Daga baya masu fuka-fuki su tashi su koma kan babban waken nan mai faɗi da ake yin ful da shi a Sudan da Masar, da kuma saiwar da Turawa suke tatsar sukari daga cikinta. Wannan ne ya sa manoman Turai a wasu wurare suka daɗe suna tumɓuke ta daga shingayensu. A lambun gida abin bai kai haka ba, domin ƙwaron yana da wasu itatuwan da yake fakewa a kansu, kuma yana zuwa daga nesa ko da babu wannan bishiya a kusa. Mai noman wake ya raba tsakaninsu gwargwadon faɗin lambunsa, ya riƙa tsinke kan waken idan ya fara fure, domin a nan darɓar take taruwa.

Wane iri ya kamata a saya?

Ga ƙaramin lambu, wanda aka fi yabo shi ne Red Cascade, wanda ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya ta ba shi lambar yabonta. Rassansa suna rusunawa saboda nauyin 'ya'ya, kuma tun da daga reshe ake yaɗa shi, mai saye ya san abin da zai samu. Yana yin 'ya'ya shi kaɗai, amma ya fi cika idan akwai wata a kusa. Akwai kuma Albus mai farin kwanso. Wanda yake son shinge irin na karkara ya sayi na daji ya gauraya da sauran itatuwan shinge na ƙasar. A duba sunan kimiyya a jikin takardar, domin akwai 'yan uwanta na Japan da Sin masu ganye kore duk shekara da ake sayarwa da sunan Euonymus, kuma ba su ake nufi a nan ba.

Idan na kai irin gida, za ta yi a Kano ko Damagaram?

Ba za ta yi ba. Rayuwarta gaba ɗaya a kan sanyin Turai aka gina ta: irin ba ya farkawa sai da shi, tohon ba ya buɗewa yadda ya kamata sai bayan makonni masu yawa na sanyi irin na cikin firji, jan ganyen ma gajartar yini da sanyin dare ne suke kawo shi. Hunturunmu, duk da buji da tsagewar leɓe, bai kai nan ba, zafin Afrilu kuma da yake haura digiri 40 zai ƙone ta. Ban da haka, shigar da iri ko dashe wata ƙasa yana buƙatar izinin hukumar kula da lafiyar tsirrai, kuma kawo itace mai guba inda awaki suke yawo a sake ba alheri ba ne. Danginta dai suna nan a dajinmu, domin namijin tsada, ɗan itacen nan mai ƙaya, daga gida ɗaya suka fito a lissafin masana.

Mazauna Amurka da Kanada su kuma matsalarsu ta sha bamban, domin a can tana yi har ta wuce gona da iri. Tsuntsaye sun fitar da ita daga lambuna ta bazu a dazuzzukan wasu yankuna tana danne tsirran ƙasar, kamar yadda ta yi a Niyu Zilan. Wanda yake zaune a waɗannan wurare ya tambayi ofishin aikin gona na yankinsa kafin ya saya, a Amurka kuma akwai 'yar uwarta ta asalin ƙasar, Euonymus atropurpureus, wadda take ba da jan ganye da 'ya'ya masu kama da nata, ita ma kuma ba a cin 'ya'yanta.